Daga Lise Zuwa Jami'a: Jagora Ga Iyaye Da Ɗalibai Na Damargu

Gabatarwa

Ya kai mai karatu, kowace shekara idan damina ta kankama, sakamakon jarrabawar bak yakan fito. A gidan da yaro ya ci, za ka ji guɗa, maƙwabta su shigo barka. Amma sau da yawa sai a yi girbi, a ɗaure gero, a kai rumbu, yaron nan yana nan zaune a gida. Abokansa sun tafi Damagaram ko Yamai, shi kuwa an ce takarda guda ta rage masa, ko sunansa bai zo daidai ba, ko ranar rufe rajista ta wuce. Shekara goma sha uku na karatu sai su tsaya cik a bakin ƙofa.

Wannan bayani an yi shi ne dominku, iyaye maza da mata na Ollelewa, da Bakin Birji, da Tanut, da Belbeji, da sauran garuruwan Damargu, musamman ku da kuke ajin yaƙi da jahilci. Kada ka ce kai ba ka yi lakkol ba, don haka ba ruwanka. Jarrabawa yaro ne zai rubuta ta, amma takardu, da guzuri, da masauki, da shawara, duk suna hannunka. Abin da ake so ka riƙe shi ne: shirin shiga jami'a ba ya farawa ranar da sakamako ya fito. Tun ran gini ran zane.

Matakan karatu a Nijar

Karatun boko a ƙasarmu hawa-hawa ne, kamar tsani.

Mataki na farko shi ne firamare, shekara 6.

Mataki na biyu shi ne koleji, shekara 4. A ƙarshensa ake yin jarrabawar birbe, wadda ake rubutawa BEPC.

Mataki na uku shi ne lise, shekara 3. A ƙarshensa ake yin jarrabawar bak, wadda ake rubutawa BAC.

Mataki na huɗu shi ne jami'a da sauran manyan makarantu. A jami'a, digiri na farko ana kiransa lisans, shekara 3 ne. Na biyu shi ne masta, ƙarin shekara 2. Na uku shi ne dakta, ƙarin shekara 3 ko fiye. Karatun likita dabam yake, yakan ɗauki shekara 7 ko fiye a jere.

Takardar bak ita ce mabuɗin mataki na huɗu. Amma mabuɗi ɗaya ba ya buɗe kowace ƙofa, domin bak iri-iri ce.

Zaɓe yana farawa tun bayan birbe

Yaron da ya ci birbe ya shiga lise, tun a shekarar farko ake raba masa hanya. Akwai ɓangaren adabi, akwai ɓangaren kimiyya. Kowace hanya da harafin da ake kiranta da shi:

Harafin A: harsuna, da falsafa, da tarihi, da labarin ƙasa. Mai wannan bak yana iya karanta shari'a, ko tarihi, ko harsuna, ko ilimin zamantakewa, ko aikin jarida, ko aikin koyarwa.

Harafin C: lissafi da kimiyyar fizik su ne kan gaba. Wannan hanya ce ta injiniyoyi da malaman lissafi.

Harafin D: ilimin halittu, da lissafi, da kimiyya. Yawancin masu zuwa aikin likita, da aikin gona, da lafiyar dabbobi daga nan suke fitowa.

Akwai kuma lise na fasaha, inda ake koyon wutar lantarki, da kanikanci, da gini, da lissafin kuɗi. Akwai makarantun da ke haɗa faransanci da larabci, su ma suna kai ɗalibi har bak.

Ga inda iyaye da yawa suke yin tuntuɓe. Uba yana fatar ɗansa ya zama likita, amma ɗan yana ɓangaren A tun shekara uku da suka wuce, uban bai sani ba. Ranar rajista sai a ce ba a karɓar mai bak A a sashen likita. Saboda haka, ranar da ɗanka ko ƴarka ta shiga lise, ka tambaya: wane harafi aka ba ka? Wane aiki wannan harafi yake kaiwa? Ka je makarantar da ƙafarka ko da sau ɗaya a shekara, ka ga shugaban lise ko malamin aji. Zuwa da kai ya fi saƙo. Malaman suna jin Hausa, kuma suna murna da uban da ya zo tambaya.

Yadda ake karanta sakamako

A makarantunmu ana ba da maki a kan 20. Wanda ya sami 10 ya ci. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. A kowane harafi akwai darussan da ake ninka makinsu sau da yawa. Ga mai bak C, lissafi ya fi kowane darasi nauyi. Ga mai bak A, falsafa da faransanci su ne masu nauyi. Bayan an ninka an tara, sai a raba, a fitar da matsakaicin maki.

Wanda ya kai 10 a zagaye na farko ya wuce. Wanda ya kusa kaiwa, akan ba shi dama ya shiga zagaye na biyu cikin ƴan kwanaki. Don haka kada a kira yaro gida noma da zarar ya gama rubutu. A bar shi kusa da cibiyar jarrabawa har sakamako ya fito.

Cin jarrabawa ma daraja-daraja ne. Daga 10 zuwa ƙasa da 12, an ci kawai. Daga 12, an ci da yabo. Daga 14, yabo mai kyau. Daga 16, yabo mafi girma. Wannan bambanci ba na ado ba ne. Da shi ake tace masu shiga sassan da jama'a ke rububi, kamar sashen likita, kuma ana duba shi wajen ba da kuɗin tallafin karatu. Maki ɗaya ko biyu na iya zama bambancin wanda gwamnati za ta tallafa wa da wanda gidansu za su ɗauki dukan nauyinsa. Idan ka rage wa yaro aikin gida a shekarar bak, ka saya masa fitila, ka bar masa lokacin bita, to, ka taimaki aljihunka ne.

Ina ake zuwa?

A da, duk wanda ya ci bak a Nijar, Yamai kaɗai yake dosa. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a can a 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma tun 1992 take ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ga ɗan Damargu kuma da ƙari.

Yanzu hanya ta ragu. A 2010 aka kafa jami'o'i a Damagaram, da Maradi, da Tawa. A 2014 aka ƙara huɗu a Agadas, da Difa, da Doso, da Tilaberi. Ke nan kowace jiha tana da jami'ar gwamnati.

Wadda ta fi kusa da ku ita ce ta Damagaram, mai ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin. Tana da sashen adabi da ilimin ɗan Adam, da sashen kimiyya da fasaha, da sashen kiwon lafiya, da sashen ilimin koyarwa. Tana kuma da cibiyar fasaha da ake kira IUT, inda ake karatun sana'a na gajeren lokaci, kamar awon ƙasa, da tsarin birane, da sufuri, da fasahar man fetur. Ku da matatar man fetur ta SORAZ take cikin ƙasarku tun 2011, kun ga da idonku cewa irin waɗannan ayyuka sai mai takardar shaida.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi ta shahara a aikin gona, da gini, da lantarki, da kiwon lafiya. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa tana da shari'a, da tattalin arziki, da sarrafa dukiya. Jami'ar Musulunci ta garin Sayi, wadda aka buɗe a 1986, tana karɓar masu larabci.

Ban da jami'o'i akwai makarantun ƙwarewa. Akwai makarantar ma'aikatan lafiya ta ƙasa, ENSP, a Damagaram da Yamai. Akwai makarantun horar da malamai. Akwai makarantar raya karkara ta garin Kollo, inda ake horar da malaman gona da na dabbobi da na gandun daji. Akwai makarantar ma'adinai da masana'antu, EMIG, a Yamai. Yawancin waɗannan ana shigarsu ne ta hanyar gasa, wato wata jarrabawa ta dabam, mai ranarta da takardunta.

Wajen zaɓe, ku zauna da yaro ku duba abu huɗu: irin bak ɗin da yake da ita, darussan da ya fi ƙarfi a cikinsu, nisan gari da abin da gida zai iya ɗauka, da kuma aikin da karatun yake kaiwa. Kada a tilasta masa fannin da ba ya so don ɗan wane ya yi shi. Kada kuma a bar shi ya bi abokai ido rufe. A zaɓi fanni na farko, a ajiye na biyu da na uku, domin ba kullum ake samun abin da aka fara nema ba.

Takardun da za a tanada

Ko da yake tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, takardun makaranta da faransanci ake rubuta su. Kada wannan ya tsorata ka. Ba sai ka karanta duka ba. Abin da ake bukata shi ne ka san sunan kowace takarda, da inda ake samunta. Kowace makaranta takan fitar da jerin abin da take so a kowace shekara, amma waɗannan kusan kullum suna ciki:

1. Takardar haihuwa. Ana samunta a ma'aikatar magajin gari ta inda aka haifi yaro. Idan ba a yi masa rajista ba lokacin haihuwa, sai an bi ta kotu alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadinta.

2. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kotu ce take ba da ita. Akan nemi takardar haihuwar yaro, da takardun uba ko na uwa. Nan ne uban da ba shi da takarda yakan tsayar da ɗansa ba da saninsa ba. Ka duba naka tun yanzu.

3. Takardar shaidar cin bak, da takardar maki, wadda ke nuna abin da ya samu a kowane darasi.

4. Hotuna ƙanana na fuska, sababbi, masu yawa.

5. Katin ɗan ƙasa.

6. Takardar likita mai shaida lafiyarsa, idan an nema.

7. Takardar kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure shi ba. Masu gasa sun fi neman wannan. Wata uku kawai take aiki, don haka ba a yin ta da wuri ƙwarai.

8. Rasit na kuɗin rajista.

Ga doka guda da za ka riƙe da kyau: ba a ba da takarda ta asali. Ana yin hotonta a na'ura, a kai ma'aikatar magajin gari ko ofishin ƴan sanda, a buga hatimi a sa hannu don shaida cewa kwafin daidai yake da asali. Wannan kwafi mai hatimi shi ake miƙawa. A yi kwafi da yawa lokaci guda, domin jami'a za ta nema, hukumar tallafi za ta nema, masu ba da ɗakin kwana ma za su nema. Ta asali kuwa a sa ta cikin leda, a ajiye a akwatin ƙarfe, nesa da gara da yoyon ɗaki.

Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace cin ƴaƴan karkara, kuma nan ne karatun da kake koyo zai yi maka rana.

Sunayenmu ana rubuta su da faransanci ta hanyoyi da yawa. Mahamadou, da Mamadou, da Mahaman, a gida duk mutum ɗaya ne, amma a ofis mutum uku ne. Haka Issoufou da Youssouf. Wani lokaci an rubuta sunan uba a takardar haihuwa, an rubuta sunan kaka a makaranta. Wani lokaci an rubuta sunan yanka a wata takarda, laƙabi a wata. Wani kuma an rage masa shekaru don ya shiga firamare, sai takardu biyu suka zo da shekarun haihuwa biyu.

Na taɓa ganin yarinya da ta ci bak da yabo, amma harafi biyu sun bambanta tsakanin takardar haihuwarta da ta birbe. Kafin a yi zirga-zirga a gyara, an rufe karɓar takardun tallafi. Ta shiga jami'a, amma sai da mahaifinta ya sayar da saniya mai ciki don ɗaukar nauyin shekarar farko. Da an duba tun tana koleji, da aikin yini biyu ne.

Ga abin da za ka yi yau, ba gobe ba. Ka ɗauko takardar haihuwar yaro, da ta birbe, da katin makaranta, ka shimfiɗa su a tabarma gefe da gefe. Ka bi sunan da yatsa, harafi bayan harafi. Ka duba rana, da wata, da shekara, da sunan garin haihuwa. Ba sai ka iya faransanci ba, wanda ya san baƙaƙe da lambobi zai iya. Idan ka ga bambanci, ka kai wa shugaban makaranta tun kafin a rubuta sunan yaro cikin masu jarrabawar bak, domin abin da aka rubuta a nan shi zai bi shi har ƙarshen karatunsa.

Yadda ake yin rajista

Bayan fitar sakamako, jami'o'i sukan ba da sanarwar ranar buɗe rajista da ranar rufewa. Ana jin ta a rediyo, ana liƙa ta a allon jami'a, ana kuma sa ta a intanet. Matakan sukan kasance kamar haka:

Na farko, yaro ya karɓi takardar shaidar cin bak da takardar maki.

Na biyu, ya cika takardar neman shiga, ya rubuta fannonin da ya zaɓa bi da bi. A yanzu akan nemi a fara wannan ta intanet. Idan ba waya mai kyau ko layi ba ya kamawa a ƙauye, sai a je Tanut ko Damagaram, wurin masu shagon kwamfuta. Yaro ya zauna da kansa a gaban mai shagon, ya karanta abin da aka rubuta kafin a aika. Ya rubuta lambar sirri a littafi, kuma ya ba da lambar wayar da ba za ta canza ba.

Na uku, a jira jerin sunayen waɗanda aka karɓa. Idan sunansa bai fito a zaɓi na farko ba, a duba na biyu.

Na huɗu, a biya kuɗin rajista a wurin da jami'a ta ambata, a karɓi rasit, a miƙa takardu, a karɓi katin ɗalibi. Sai an riƙe wannan kati ne yaro ya zama ɗalibin jami'a.

Ranar rufewa ba ta jiran kowa. Kada a bari sai makon ƙarshe, lokacin da layi yake da tsawo, kuma ruwan sama na iya tsare mota a hanya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kuɗi: tallafin gwamnati da tanadin gida

Hukumar da ke kula da kuɗin tallafin karatu ita ce ANAB. Wannan tallafi shi ɗalibai suke kira burs. Ba ya zuwa da kansa, sai an nema, kuma takardunsa dabam suke da na jami'a. Ba kowa yake samu ba, ana duba maki da shekarun ɗalibi. Wanda bai samu ba yana iya neman ɗan taimakon da ake ba marasa burs. Ta wannan hukuma kuma ake bi wajen neman guraben karatu da ƙasashe abokai, irin su Aljeriya da Maroko, suke ba ɗaliban Nijar masu maki mai kyau.

Amma ko wanda ya samu, kuɗin ba ya isowa ranar da aka fara karatu. Yakan yi jinkiri. Saboda haka dole gida ya tanadi abin da zai riƙe yaro watanni na farko. Ku lissafa waɗannan: kuɗin mota, kuɗin hatimi da kwafi da hoto, kuɗin rajista, katifa da gidan sauro, hayar ɗaki, abinci, sabulu, littattafai, kuɗin waya, da ɗan abin ajiya saboda rashin lafiya.

Ku lura da lokacin da waɗannan bukatu suke faɗowa. Suna zuwa ne tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Wanda bai shirya ba sai ya ci bashi mai tsada, ko ya sayar da dabba da araha. Mai dabara yakan fara tun kakar da ta gabata. Wani yakan ware damman gero da buhun wake ya ce wannan na karatu ne. Wani yakan turke rago ya sayar gab da babbar Salla. Mata suna da asusu da adashi, kamar ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991. A kuma sanar da dangi da wuri, har da waɗanda suke ci-rani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masauki, da maganar ƴa mace

A kowace jami'a akwai hukumar jin daɗin ɗalibai, wadda ake kira CROU. Ita ke kula da ɗakunan kwana, da gidan abinci mai rahusa, da ɗakin shan magani. Amma ɗakuna ba sa isar kowa, don haka a nema da wuri, a kuma yi shirin wata mafita. Wasu ɗalibai sukan haɗu uku ko huɗu su kama ɗaki. Wasu sukan sauka gidan dangi. Idan gidan dangi ne, ka je da kanka ka gaisa da mai masauki, ku yi magana a fili kan abinci da aikin gida, ka riƙa aika gero idan an yi girbi. Tsofaffin ɗalibai ƴan yankinku ma sukan taimaki sababbi su san gari. A nemi lambar ɗaya daga cikinsu tun kafin tafiya.

Game da ƴa mace, damuwar iyaye a kan tsaronta da mutuncinta gaskiya ce, ba abin raini ba ne. Amma maganin damuwar shi ne masauki nagari da yawan ziyara, ba tsayar da karatu ba. Ku tuna yadda mata suke jin nauyin bayyana ciwonsu ga namiji a likita. Ungozoma mai ilimi, da likita mace, da malama, daga gidan wani za su fito. Idan maganar aure ta taso, a sa ci gaba da karatu cikin sharuɗɗa tun wajen neman aure, a gaban waliyyai da shaidu. Mata da yawa sun gama jami'a da aurensu da goyonsu.

Makarantun kuɗi, ƙasashen waje, da ƴan damfara

Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa a Damagaram da Maradi da Yamai. Akwai nagari a cikinsu. Kafin ka biya ko dala, ka yi tambaya uku. Gwamnati ta ba makarantar izini? Ta amince da wannan fanni da yaro zai karanta? Waɗanda suka gama a can, an karɓi takardarsu wajen ɗaukar aiki? Ka nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce, ba na watan farko kaɗai ba.

Wanda yake son karatu a Najeriya, kamar Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya sani da Ingilishi ake koyarwa a can, kuma tsarin shiga jami'arsu dabam ne. Duk wanda ya yi karatu a waje, idan ya dawo sai an kai takardarsa an tantance darajarta kafin ta yi aiki a Nijar.

Ka yi hattara da mai cewa ya san wani babba, a ba shi kuɗi ya samo wa yaro gurbi ko burs. Ka yi hattara da saƙon waya mai cewa an zaɓi ɗanka zuwa Turai, a aiko kuɗi yau. Duk kuɗin da ba a ba da rasit mai hatimi a kansa ba, ka ɗauka ya tafi. Takardar jabu kuwa laifi ce da ke kai mutum kurkuku, ta kuma ɓata sunan gida. Idan ka yi shakka, ka tambayi shugaban lise. Matambayi ba ya ɓata.

Idan yaro bai ci ba

Faɗuwa bak ba ƙarshen duniya ba ce. Kowace shekara masu faɗuwa suna da yawa, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan da kake gani sai a karo na biyu suka ci. Yaro yana iya maimaita aji, ko ya sake rubutawa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Takardar birbe ma tana buɗe wasu ƙofofi, a makarantun koyon sana'a da wasu sassan aikin lafiya da na gona. Kada a yi masa gori. A karɓi takardar makinsa, a ga darasin da ya kayar da shi, a nemi gyara a nan.

Aikin kowane lokaci a taƙaice

Da kaka: a ware guzurin karatu. A duba takardu, a gwada sunaye.

Da ɗari: a tabbatar an rubuta sunan yaro daidai cikin masu jarrabawa. A nemi takardar zama ɗan ƙasa da katin ɗan ƙasa.

Da bazara: a rage masa aiki ya yi bita. A zauna a zaɓi fannoni uku. A fara maganar masauki.

Da damina: jarrabawa da sakamako. A karɓi takardu, a yi kwafi, a yi rajista, a nemi tallafi.

Da sabuwar kaka: a raka shi da addu'a da nasiha, a ci gaba da bin labarin karatunsa.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, kai manomi ne ko makiyayi, ka san ba a neman iri ranar da ruwan shuka ya sauka. Haka wannan al'amari yake. Baƙaƙen da kake koyo a ajin yaƙi da jahilci sun isa ka karanta sunan ɗanka, ka gane ranar rufe rajista, ka duba lambar da ke kan rasit. Wannan kaɗai na iya cece shi daga asarar shekara guda. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, amin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Yara nawa ne daga garinku suke lise a bana? Kun san harafin da kowannensu yake?

2. Wa yake da yaron da ba shi da takardar haihuwa? Ina za a je a nema masa?

3. Me ya sa ba a miƙa takarda ta asali?

4. Wace dabara ƙungiyarku za ta yi don tara guzurin ɗalibai tun da kaka?

5. Ku kawo takardun ƴaƴanku zama mai zuwa, mu gwada sunayen tare.